Daga Imlil zuwa Tinmal: tafiyar mutum ɗaya a duwatsun Atlas

Duk wanda ya hau soro a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko da sassafe ya fuskanci kudu, zai ga wani dogon bango na duwatsu ya tokare sama, kawunansu fari fat. Baƙo kan ɗauka gajimare ne ya taru. Dusar ƙanƙara ce, a ƙasar da rana ke gasa mutum a cikin gari. Waɗannan su ne manyan duwatsun Atlas, sun miƙe fiye da kilomita 700 daga bakin tekun Atlantika zuwa wajen iyakar Aljeriya, kuma da su Marrakesh ke rayuwa tun da sarakunan daular Murabiɗun suka kafa ta wajen shekarar 1070. Dusar nan ce ke narkewa ta gangaro ta kogunan Urika, Riraya da Nafis, ta shayar da lambuna da dabinon birnin. Na shiga cikinsu ni kaɗai a ƙarshen Mayun 2025, da jakar goyo, da ɗan Larabcin makarantar ilimi, da Faransancin da bai wuce na cinikin kasuwa ba.

Motar haya ake shiga, irin mai ɗaukar mutum shida, ba ta tashi sai ta cika. Daga Marrakesh zuwa Imlil kilomita sittin da 'yan kai ne. Rabin farko fili ne da gonakin zaitun, sai bayan Tahanaut hanya ta faɗa cikin wani matsattsen kwari, dutse a dama, rami a hagu, direba kuma yana ta hira da hannu biyu. A Asni, inda ake cin kasuwa ranar Asabar, na fara ganin abin da girgizar ƙasar 2023 ta bari: gidajen da suka tsage, da ɗakunan wucin gadi na kwano a jere, da sabbin gine-ginen bulo da ba a kai ga shafe ba. Ba wanda ya yi maganar a motar, ni ma na ja bakina.

Imlil na kan tsayin kusan mita 1,800, kuma abin da ya fara shiga kunnena da na sauka shi ne ƙarar ruwa. Ko'ina ruwa ke gudu, ta gefen hanya, ta ƙarƙashin gida, ta cikin ƙananan magudanan da suke kira targa. Mutanen nan Amazig ne, waɗanda littattafan tarihi ke kira Barbar, harshensu Tashelhit. A allunan makaranta da na ofisoshi za ka ga rubutu iri uku: Larabci, Faransanci, da wasu haruffa na da'ira da ɗigo da giciye. Wanda ya zauna da Buzaye zai gane su nan take, Tifinag ne, sai dai an yi masa kwaskwarima. Tun 2011 tsarin mulkin Maroko ya sa harshen Amazig cikin harsunan gwamnati.

Na sauka a gidan wani dattijo a Arumd, ƙauyen da ke sama da Imlil, an gina shi a kan tarin duwatsu, rufin wannan gida shi ne tsakar gidan na sama. Gonakinsu hawa-hawa ne, kowace an tokare ta da katangar dutse, wata faɗinta bai wuce tabarma uku ba. Ana shuka sha'ir da masara da dankalin turawa, ga tuffa da ceri, ga wasu manyan itatuwa masu inuwa da suke ce wa gargaa, waɗanda ake fasa ƙwallonsu a ci ƙwayar ciki. Da la'asar dattijon ya ɗauki fartanya ya ce in biyo shi. Muka tsaya a bakin wata targa, ya duba inuwar dutse, ya duba agogo, sannan ya kawar da wani dutse da tsumman da aka toshe bakin da shi, ya mayar da su ɗaya ɓangaren. Ruwa ya juya ya nufi gonarsa. Na ce, "Alhaji, wa ke ba ka izini?" Ya ce, "Ɗana, layi ne. Kowane gida da ranarsa da sa'arsa, tun kakanni. In ka ƙara minti goma, gobe jama'a za su zauna a kanka." Jama'a a nan majalisar magidanta ce ta ƙauye. Ita ke raba ruwa, ita ke sa ranar yashe magudana, ita ke cin tarar wanda ya saɓa. Ban ga takarda ko hatimi ba, kowa dai ya haddace nasa.

Bayan magariba a masallacin ƙauyen, limami da wasu mutane suka yi da'ira suka karanta izu guda da murya ɗaya, da Warshu, irin karatun da muka tashi da shi a makarantar allo. Haka suke yi kullum bayan asuba da bayan magariba, a sauke Alƙur'ani duk wata. Malikawa ne, har da masu sakin hannu a sahu. A daren nan ban ji baƙunta ba ko kaɗan, duk da ba na jin kalma guda ta hirar da aka yi bayan an shafa.

Maganar tafiya ni kaɗai kuwa, a Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsayi a Atlas, ta tsaya. A Disambar 2018 wasu 'yan ta'adda sun kashe 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, ɗaya daga Denmak ɗaya daga Norwe, a kusa da hanyar nan. Tun daga lokacin ba a barin baƙo ya hau sai da jagora, kuma akwai shingen jandarmomi inda ake rubuta lambar fasfo. Na ɗauki wani saurayi ɗan Arumd, da alfadara guda ta ɗaukar kaya. Da farko na ji haushin dokar, don kuɗi ne ban shirya ba. Amma rabin ƙauyen da wannan suke ci: wani jagora, wani mai alfadari, wani kuku, wani mai matse lemo a bakin hanya, ya jera kwalabe a jikin dutse ya saki ruwan ƙorama yana feshinsu, firijinsa ke nan.

Tsakiyar hanya, a tsayin kusan mita 2,300, akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, da tutoci a kansa, da ɗan masallaci a gefe. Sidi Shamharush ke nan. Mutanen yankin na cewa nan ce fadar sarkin aljanu, inda ake shari'a tsakanin mutum da aljanin da ya kama shi. Na ga wata tsohuwa an ɗora ta a kan alfadari, da wata budurwa da 'yan'uwanta suka riƙe ta hannu biyu, da baƙin akuya da ake ja a baya. Daga birane masu nisa ake zuwa. Wanda ba Musulmi ba, ba ya haye 'yar gadar da ke kai wa wurin. Na tambayi jagorana ko ya yarda da abin. Ya yi dariya ya ce, "Sidi, ni dai kakata ta yarda, malaminmu bai yarda ba, kuma duka biyun ina cin abinci a gidansu." Na yi sallata a masallacin na wuce. Gardamar na san ta tun daga gida, ba sai na hau dutse na neme ta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar uwar yarinyar nan, wadda da alama ta gama zaga asibitoci kafin ta zo.

Daga nan itatuwa suka ƙare. Sai dutse baƙi da ja, da wata ciyawa mai ƙaya da ke tsirowa dunƙule-dunƙule, da awaki a wuraren da ko kallo ba ka son yi. Masaukin masu hawa yana kan mita 3,207, gini ne na dutse mai gadaje sama da ƙasa, kowa da harshensa, takalma a bakin ƙofa. An ba mu miyar harira da burodi da tajin na kaza, amma ci ya gagare ni. Kaina na sarawa, zuciya na bugawa kamar na yi gudu alhali ina zaune. Iskar ce ta yi ƙaranci: a ƙololuwar Tubkal, abin da huhu ke samu a numfashi ɗaya bai fi kashi 60 cikin ɗari na abin da yake samu a bakin teku ba. Maganinsa tafiya a hankali da shan ruwa, in ya tsananta kuma a sauko, babu jarumta a ciki. Alwalar asuba a wurin nan, da ruwan da ya fito kai tsaye daga ƙanƙara, ita ce alwala mafi sauri da na taɓa yi.

Cikin duhu muka tashi, fitila a goshi. A wuraren da dusa ta daskare sai da na ɗaura wa takalmina ƙarafa masu haƙora. Inda ba dusa, tsakuwa ce mai zamewa, ka yi taku biyu ta mayar da kai ɗaya. Jagoran ba ya cewa komai sai "shwiya, shwiya," wato a hankali. Na daina kallon sama, na koma kallon dunduniyarsa. Rana ta same mu a wuyan dutsen, daga nan hanya ta bi ta kan wani siririn doro har zuwa wata dalar ƙarfe da aka kafa a kan mita 4,167, wuri mafi tsayi a duk Arewacin Afirka. Ta arewa filin Marrakesh ya ɓace cikin ƙura, ta kudu ga dutsen Sirwa, bayansa ƙasa ta yi ja ta nufi Sahara. Littattafai sun rubuta cewa wasu Faransawa uku ne suka fara hawa a Yunin 1923. Jagorana ya ce ƙila su ne suka fara rubutawa, amma maharba ragon dutse ba su jira su ba. Ban daɗe ba, sanyi ya kashe mini yatsu, gwiwoyina kuma suka biya bashin a wajen saukowa.

Da na huta a Imlil sai na nufi gabas da ƙafa, ta mashigin Tamatert zuwa Tashedirt, daga nan na haura zuwa Ukaimedan. Wannan ɓangaren ya fi Tubkal daɗi nesa ba kusa ba, don babu cunkoso, kuma ƙauyukan ba su koma kasuwa ba. A hanya na yi ta gamuwa da mata sun goyo damin ciyawa wanda ya fi su girma, suna hawan gangaren da ni da sanda nake haki. Samari kuwa ƙalilan ne. Duk gidan da na sha shayi, za a ce ɗa yana Marrakesh yana aikin gini, ko yana Kasablanka yana tsaron kanti.

Ukaimedan fili ne shimfiɗaɗɗe a kan mita 2,600. An fi saninsa da wasan zamiya a kan dusa lokacin sanyi, ga turakun ƙarfe da kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa sama, duk a tsaye ba kowa. Ni abin da ya ba ni mamaki ciyawa ce. Kore shar har gwiwa, cike da furanni, kuma ko tunkiya ɗaya babu, alhali a gangaren da na baro awaki na lasar dutse. Ga bukkokin makiyaya na dutse, azib, duk a kulle. Wani mai gadi ya warware mini. Wurin agdal ne, wato makiyayar da aka haramta. Daga 15 ga Maris ake rufe ta, ba a buɗewa sai 10 ga Agusta, bayan ciyawa ta yi iri ta zubar, lokacin kuma ƙasa ta bushe a kwari. Ranar buɗewa kabilun Riraya da na Urika ke hawowa da iyalansu da dabbobinsu, kowane dangi ya san bukkarsa. A da tsoron wani waliyyi, Sidi Faris, ke tsare dokar, ana cewa wanda ya shiga kafin lokaci dabbobinsa ba za su yi albarka ba. Yanzu tara ce da kunyar jama'a. Na daɗe tsaye ina tunanin burtalolinmu da aka nome da makiyayun da aka yanka filaye, da jinin da ake zubarwa a kansu. A nan talakawa ne suka yi wa kansu doka suka kuma bi ta, ba tare da soja ba.

Kiwo a filin nan ya girmi duk wani tarihi da aka rubuta. A kan jajayen falalen duwatsu da ke bakin ƙauyen akwai zane-zanen da aka sassaƙa fiye da shekara 3,000 da suka wuce: shanu masu dogayen ƙahoni, wuƙaƙe, garkuwoyi masu da'ira. Na sa yatsa a cikin layin ƙahon wata saniya, ya shige daidai. Amma makiyayan yau na cikin matsi. Shekaru a jere ana fari, dusa ta ragu, zuwa farkon 2025 garken ƙasar ya faɗi da kashi 38 cikin ɗari in aka kwatanta da 2016, har Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a shekarar 2025. Sallah ta ƙarato lokacin da nake can, kuma hirar ke nan a kowane teburin shayi. Mutumin birni ya ji sauƙi. Makiyayin da ya yi shekara yana sayen abincin dabba da tsada don ya sayar da rago, shi lissafinsa daban.

Na koma Asni na kama hanyar kogin Nafis, ta Wirgan da Ijukak. A nan girgizar ta fi ɓarna. Ranar Juma'a da dare, 8 ga Satumba 2023, ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci, mutane na cikin ɗaki, ƙasa ta motsa da ƙarfin 6.8. Kusan mutum 3,000 suka rasu, akasarinsu a ƙauyukan laka da dutse na waɗannan kwaruruka, inda hanya ta toshe agaji ya kasa isa da wuri. A Talat n'Yaƙub da wuya ka sami gidan da bai yi makoki ba. Gwamnati ta yi alkawarin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya lalace. Wasu sun gina sun shiga, wasu na samu har lokacin a tanti. Wani magini ya nuna mini dalili ɗaya: buhun siminti kafin ya iso ƙauyen da mota ba ta zuwa, a bayan alfadari, kuɗinsa ya tashi. Sabbin gidajen na bulo da rodi sun fi ƙarfi, amma ya ce da hunturu ƙanƙara ne, gidan laka kuwa yana riƙe ɗumi.

Tinmal na tsallaken kogin, ƙauye ne da ba za ka waiwaya ba in ka wuce shi a mota. Amma daga nan aka taɓa mulkar ƙasa tun daga Tarabulus har Andalus. Muhammad Ibn Tumart, ɗan kabilar Masmuda daga yankin Sus, ya je gabas ya yi karatu, ya dawo yana wa'azi mai zafi. A Marrakesh ya tsaya gaban sarkin Murabiɗun, Ali ɗan Yusuf, da malamansa, yana zarginsu da gurɓata tauhidi. Da ya ga za a kama shi ya gudu cikin duwatsu, ya ce shi ne Mahadi a 1121, bayan 'yan shekaru ya kafa sansani a Tinmal. Wanda ya bi hanyar da na bi zai gane dabarar: kwarin ƙofa ɗaya gare shi, mutum kaɗan za su tare runduna, dawakan Murabiɗun na sahara kuma ba su da amfani a nan. Ya koyar da aƙida da harshen mutanen, ya tsara kabilu daraja-daraja, kuma ya sa aka karkashe waɗanda ake shakkar biyayyarsu, abin da masu yabonsa ba su cika son ambata ba. Ya rasu a 1130, jim kaɗan bayan an fatattaki mayaƙansa a ƙofar Marrakesh. Almajirinsa Abdulmumini ne ya ƙarasa aikin, ya ci birnin a 1147. Su ne Muwahhidun. Hasumiyar Kutubiyya da kowane baƙo ke ɗaukar hoto a Marrakesh tasu ce. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karanta mana da azumi, yana cikin waɗanda suka yi musu tawaye a garinsa Sabta, Muwahhidun suka ɗauke shi daga can, ya rasu a Marrakesh a 1149.

Abdulmumini ya gina babban masallaci a Tinmal don tunawa da malaminsa, a nan kuma aka riƙa binne sarakunan farko na daular. Da wata sabuwar daula, Banu Marin, ta karɓe Marrakesh a 1269, ragowar Muwahhidun nan suka dawo suka ɓuya, har aka biyo su aka rushe garin. Masallacin ya tsira, ya yi ɗaruruwan shekaru ba rufi, da bakunansa na jan bulo a jere da hasumiyarsa da aka ɗora a kan mihrabi, abin da ba kasafai ake gani ba. Ana dab da gama wani gyara girgizar ta zo ta zubar da hasumiyar da yawancin ginin. Na same shi a killace, ƙarafan gini sun kewaye shi, ma'aikata na tsince tsofaffin tubala suna jerawa gefe. Wani dattijo da ke zaune a inuwar zaitun ya ce mini, "Ɗana, masallacin za a tashe shi, ƙasashe sun san da shi." Bai ƙara komai ba, ya nuna mini tudun da gidansa yake a da.

Ba sau ɗaya dutsen ya aika wa birni da masu mulki ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu manyan shugabannin kabilu uku suka riƙe mashigan Atlas, suna karɓar kuɗin fito daga ayari: Gundafi a nan Nafis, Mtuggi a yamma, Glawi a Telwet. Faransawa suka ga ya fi araha su yi mulki ta hannunsu. Tuhami Glawi ya zama Basha, wato gwamna, na Marrakesh daga 1912, ya tara dukiyar da ba ta ƙirguwa, ya sa hannu aka tuɓe Sarki Muhammad na Biyar a 1953, sannan a 1955 ya durƙusa gabansa yana neman gafara, ya mutu a farkon 1956. Ganuwar Gundafi na nan a kan tudu sama da kogin, tana zubewa. Talakawan da suka yi aikin tilas suka gina ta, jikokinsu ne ke zaune a ƙasanta.

Daga Ijukak na sami wata tsohuwar motar bas mai zuwa Tarudant ta mashigin Tizi n'Test, mita 2,100, hanyar da Faransawa suka fasa tsakanin 1926 da 1932. Ana aikin faɗaɗa ta, don haka muka yi ta tsayawa ana jiran katafila ta kawar da duwatsu. Motar cike take da samari, kowa da ƙullin bargo, za su gonakin lemo da rumfunan tumatir na kwarin Sus neman aikin yini. Na kusa da ni ya ce in ya tara na rodi da siminti zai dawo ya zuba dakalin ɗakin mahaifiyarsa kafin dusar farko. Da muka kai saman mashigin direba ya tsaya ya zuba wa injin ruwa, muka sha shayi a tsaye, sannan ya ce kowa ya shiga, gangara ce har ƙasa, mai jin amai ya matso kusa da taga.